Digirin Lissafi da Hanyar Samunsa ta Jarrabawa: Tsarin Landan da na Amurka

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu shirya karatun jami'a. In mutum ya zo ya ce ya san abin da a ke koyarwa a aji, alhali kuwa bai taɓa zama a ajin ba, shin jami'a ta jarraba shi ta ba shi shaida, ko kuwa ta ce lalle sai ya zauna ya cika kwanaki kamar kowa? Tambayar ta shafi kowane fanni, amma ta fi tsananta a kan ilmin lissafi. Mai neman likitanci ba shi da makawa sai ya shiga asibiti ya taɓa majinyaci, mai neman ilmin haɗa magunguna kuma sai da ɗakin gwaji. Shi kuwa mai lissafi, littafi da takarda da fensir sun ishe shi, kuma amsarsa ko dai daidai ce ko kuskure, ko wane ne ya duba ta. Saboda haka ana samun mutane da yawa, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, waɗanda suka koya wa kansu lissafi mai zurfi da dare, ba su da takardar da za su nuna, kuma rashin takardar nan shi ke tsare musu ƙarin girma da albashi.

Jami'ar Landan ita ce ta fara ba da amsa mai gamsarwa. Sa'ad da aka kafa ta a 1836 ba ta koyar da kowa. Aikinta shirya jarrabawa ne da ba da digiri ga ɗaliban waɗansu kwalejoji da ta amince da su. A 1858 aka sake mata takardar izni, aka buɗe ƙofa ga duk wanda ya iya cin jarrabawarta, ko a ina ya yi karatunsa, in ban da fannin likitanci. A 1865 aka fara zaman jarrabawar a ƙasashen waje, a tsibirin Morishas, daga nan abin ya bazu cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Jami'a ta buga manhaja, ta sa ranar jarrabawa; ɗalibi ya nemi littattafai, in yana da hali ya biya wata makarantar koyarwa ta gidan waya irin su Wolsey Hall ta riƙa aiko masa da darussa; ran jarrabawa ya zauna ya amsa takardun da aka shirya bisa ma'aunin ɗaliban Landan. Ba a tambayarsa sa'a nawa ya yi a gaban malami.

Nijeriya ta ci moriyar wannan hanya ƙwarai. Chike Obi, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin dakta a lissafi a 1950, ta nan ya bi: digirinsa na farko da na biyu duka na Landan ne, ya same su yana ɗalibin waje, kafin ya tafi Kambirij. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ma, daga kafuwarta a 1948 har zuwa 1962, digirin Landan ta ke bayarwa bisa wata yarjejeniya ta musamman, ko da ya ke ɗalibanta a aji su ke karatu. Cikin waɗanda suka fito daga can da lissafi akwai Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Sai dai digirin Landan na wancan zamani dunƙulalle ne. A kan tara karatun shekaru a jarraba shi a zama ɗaya ko biyu, wanda ya faɗi kuma sai ya sake shiri. Amurkawa ta wata hanya dabam suka bi, kuma ba za a gane yadda su ke ba da shaidar karatu ta jarrabawa ba sai an san yadda su ke auna karatun kansa.

Sa'ad da Charles Eliot ya ke shugaban Jami'ar Harvard, daga 1869 zuwa 1909, ya ba ɗalibai izni su zaɓi darussan da su ke so maimakon kowa ya bi jeri ɗaya. Da aka yi haka sai wata matsala ta taso. In wannan ya ɗauki Girkanci wancan ya ɗauki lissafi, da wane mudu za a auna a ce dukansu sun cika digiri? Mudun da aka samo shi ne sa'a. Abin mamaki, kuɗin fansho ne ya kafa shi daram. A 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 don fanshon malaman kwaleji, hukumar da ke riƙe da kuɗin kuwa ta gindaya sharaɗi, cewa kwalejin da ke son shiga sai ta nemi sabbin ɗalibanta su zo da awo 14 na karatun sakandare, kowane awo sa'a 120 ne a gaban malami. Kwalejoji suka karɓa don kada fansho ya wuce su, sa'an nan irin wannan lissafi na sa'o'i ya zama ruwan dare a cikin kwalejojin kansu. Abin da su ke kira kiredit ke nan. Darasin da a ke zama sa'a uku a mako har zangon karatu ɗaya, watau kamar mako 15, kiredit uku ne, digirin farko kuwa yawanci kiredit 120 ne cikin shekara huɗu. Da zarar an yanka digiri gunduwa-gunduwa haka, sai ya yiwu a ce wa ɗalibi: wannan gunduwar an yafe maka zaman aji, zo ka yi jarrabawarta.

Shi digirin lissafi a Amurka ba iri ɗaya ba ne. Cikin kiredit 120 ɗin nan, abin da ke na lissafi zalla kamar sulusi ne. Saura na darussan gama-gari ne, irin su rubutun Turanci da tarihi da kimiyya, da waɗanda ɗalibi ya zaɓa don ra'in kansa. Akwai digiri mai suna B.A. da mai suna B.S., bambancinsu kuma ya dogara ga jami'a, amma galibi na biyun ya fi yawan lissafi da kimiyya, na farkon ya fi barin fili ga harsuna da adabi. A cikin sashen lissafi kuma hanya ta rabu. Akwai lissafi tsantsa, wanda a ke nema don kansa, shi ne hanyar mai son ya zarce zuwa bincike. Akwai lissafin aiki, wanda ke hidima ga injiniya da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki. Akwai ilmin ƙididdiga, wanda a jami'o'i da yawa ya riga ya ware ya zama sashe mai zaman kansa. Akwai lissafin inshora, inda ɗalibi ke shirin jarrabawar ƙungiyar masu wannan sana'a tun yana makaranta. Akwai kuma digirin koyar da lissafi, wanda ke haɗe da aikin gwaji a makarantar sakandare da lasin jiha. Duk da wannan rabuwa, shekara biyun farko kusan ɗaya ce ga kowa: kalkulas zango uku, watau ilmin auna yadda abu ke sauyawa da yadda a ke tara ƙananan sauye-sauye su zama jimla, sa'an nan aljabarar jerin lambobi, da warware ma'aunan da suka ƙunshi saurin sauyi. Daga shekara ta uku ne kowa ke kama gabansa.

Jarrabawar da ta fi shahara wajen yafe zaman aji ita ce AP, wadda hukumar College Board ta karɓi riƙonta a 1955 bayan gwajin da Gidauniyar Ford ta biya kuɗinsa. An yi ta ne don yaran sakandare masu ƙwazo, su yi darasin jami'a tun suna makaranta, su zauna jarrabawa a watan Mayu. Makinta daga 1 ne zuwa 5. A kalkulas akwai takarda biyu, AB da BC; ta farkon tana daidai da zango ɗaya na jami'a, ta biyun kuwa zango biyu, wanda a wurare da yawa kiredit takwas ke nan. An ƙara ta ƙididdiga a 1997. Kowace jami'a ita ke yanke makin da za ta karɓa: wata 3, wata 4, wata ba ta duban kome sai 5.

Labarin da ya fito da ƙimar wannan jarrabawa a fili ya faru a 1982, a makarantar Garfield da ke gabashin Los Anjalis, unguwar talakawa waɗanda yawancinsu asalinsu daga Meziko ne. Wani malami mutumin Bolibiya, Jaime Escalante, ya shirya ɗalibai 18, dukansu suka ci kalkulas. Hukumar da ke duba takardu ta yi shakkar 14 daga cikinsu, ta ce kurakuransu sun yi kama da juna. Goma sha biyu suka yarda suka sake zama, suka sake ci. An yi ta muhawara a kan ko shakkar nan tana da tushe ko kuwa raini ne ga unguwar, amma abin lura a nan shi ne yadda aka raba gardamar. Ba a je an ƙirga sa'o'in da yaran suka yi a aji ba, ba a kuma nemi shaidar wani babba ba. Takarda aka sake ba su.

Ta biyu ita ce CLEP, wadda hukumar nan ta fara a 1967, ita kuwa don manya aka yi ta: sojan da ya dawo gida, da ma'aikacin da ya bar makaranta da daɗewa, da duk wanda ya yi karatu shi kaɗai. Ba ta da sharaɗin shekaru ko na zaman aji, ana yinta a kwamfuta a kowane lokaci na shekara, yawanci cikin minti 90, kuma galibin tambayoyinta na zaɓen amsa ne. Makinta daga 20 zuwa 80, mafi yawan kwalejojin da ke karɓarta kuwa 50 su ke nema. A lissafi takarda huɗu gare ta: lissafin gama-gari, da aljabarar kwaleji, da share fagen kalkulas, da kalkulas. Mai neman digirin lissafi ya kamata ya lura da wani abu a nan, gama ukun farko ba a cika lissafa su cikin darussan sashen ba, tun da ya ke ana ɗauka ɗalibin lissafi ya wuce su kafin ya zo. Ta huɗun kaɗai ke rage masa hanya, ita ma zango ɗaya tak. Amfanin CLEP na gaske ga irin wannan ɗalibi a wani wuri ya ke, watau darussan gama-gari. In ya kawar da tarihi da adabi da ilmin zaman jama'a ta jarrabawa, sai ya sami lokaci da kuɗin da zai zuba a kan lissafin da ya zo nema.

Me ya sa jarrabawar ƙasa ta tsaya a nan, ba ta hau zuwa shekara ta uku da ta huɗu ba? Wani zai ce ƙarancin masu nema ne, kuma da gaskiyarsa, domin ba a shirya jarrabawar ƙasa saboda mutum kaɗan. Amma akwai dalilin da ya fi wannan nauyi, shi ne lissafin da kansa yana sake kama a tsakiyar digiri. A shekarun farko ana tambayar ɗalibi nawa ne. A na ƙarshe ana tambayarsa don me, kuma ana so ya kafa hujjar da ba ta da kafar shakka.

Misali ɗaya ya isa ya nuna bambancin. A ɗauki kowace lamba, a ninka ta da kanta, a ƙara mata ita kanta, sa'an nan a ƙara 41. In aka fara da 1 za a sami 43, da 2 a sami 47, da 3 a sami 53. Duk waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Mai haƙuri zai ci gaba har zuwa 39, kuma ko sau ɗaya ƙa'idar ba za ta saɓa ba. Wanda ya saba da lissafin neman amsa zai ce magana ta ƙare, ai an gwada sau 39. To, a gwada 40. Za a sami 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Leonhard Euler ne ya fito da wannan jeri a ƙarni na 18. Aikin ɗalibin shekara ta uku, a darasin nazarin lambobi na haƙiƙa ko na aljabara mai zurfi, shi ne ya koyi rarrabe abin da ya faru sau da yawa da abin da tilas ne ya faru, ya kuma iya rubuta dalilinsa daki-daki yadda wani zai bi. Tambayar zaɓen amsa ba ta iya auna wannan sosai, domin kuskuren mai hujja sau da yawa ba a ƙarshe ya ke ba. Ya kan kai ga amsa daidai ta hanyar da ta karkace a tsakiya, ya dogara ga abin da ya ke son tabbatarwa ba tare da ya sani ba. Sai wani ya karanta shafin layi-layi ya sa masa jan alƙalami a wurin. Wannan kuwa shi ne abin da mai karatu shi kaɗai ya fi rasawa, ko da littattafansa sun cika ɗaki.

Kada a ɗauka cewa hujja ba ta jarrabuwa sam. Takardun Landan rubutattu ne na sa'o'i, shaihunan malamai ke duba su da hannu, kuma ta haka aka gane irin su Chike Obi. Abin da ya gagara shi ne a yi haka da araha ga dubban mutane a kowace rana ta shekara. Shi ya sa a Amurka, in ɗalibi yana son a yafe masa darasi mai zurfi, sai ya nemi sashen lissafi na jami'arsa ya shirya masa jarrabawa ta musamman, in dokarsu ta yarda.

Akwai makarantu uku a Amurka da aka kafa musamman don mai tattara kiredit daga wurare dabam-dabam. Jihar Niyu Yok ta buɗe shirin digirin waje a 1971, wanda ya zama Jami'ar Excelsior. Niyu Jasi ta kafa Thomas Edison a 1972. Kwanetikat ta kafa Charter Oak a 1973. Yawancin jami'o'i suna sharaɗin ɗalibi ya yi aƙalla rubu'in digirinsa a wurinsu, watau kiredit 30, su kuwa waɗannan uku abin da su ke nema a yi a wurinsu kaɗan ne ƙwarai. A fannoni irin su kasuwanci mutum ya kan ci mafi yawan digiri ta jarrabawa a can. A lissafi ba haka abin ya ke ba, saboda dalilin da aka ambata. Darussan sama dole ya samo su daga wata jami'a, ko a aji ko ta intanet, ya kawo a tara masa. A Ingila kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, tana ba da cikakken digirin lissafi daga nesa, amma ita koyarwa ta ke yi, tana da malaman da ke duba aikin ɗalibi su mayar masa da gyara, saboda haka ba ta cikin masu jarrabawa kawai.

Ba kowa ne ya gamsu da yafe zaman aji ba. Kwalejin Dartmouth ta sanar a 2013 cewa za ta daina lissafa AP cikin kiredit na kammala digiri. Caltech ba ta ba da kiredit a kanta, jarrabawar kanta ta ke yi wa sabbin ɗalibai don ta san ajin da za ta sa su. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce yaron da aka horar don ya ci takarda ya kan iya dabarun warware tambaya ba tare da ya gane tushensu ba, in aka ɗaga shi zuwa zango na uku sai ya yi ta tuntuɓe. Wannan magana tana da ƙarfi a jami'ar da kalkulas ɗinta na shekarar farko cike ya ke da hujjoji. Ba ta da ƙarfi sosai a kwalejin da darasin nata bai wuce abin da ke cikin takardar AP ba, inda tilasta wa yaro ya maimaita ba ya ƙara masa kome sai kuɗin makaranta. A ɗaya gefen kuma, jarrabawa ita ma tana da nata zalunci. Srinivasa Ramanujan ya rasa tallafin karatunsa a Indiya, ya kuma faɗi jarrabawar kwaleji, don ya ƙi kula da kowane darasi sai lissafi. Digirin da Kambirij ta ba shi a 1916 a kan bincikensa ne.

Malaman zaure na ƙasar Hausa suna da nasu mudu, wanda ba sa'a ba ne, ba kuma takardar rana ɗaya ba. Ijaza shaida ce ta malami cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa, ya kuma yarje masa ya karantar da shi. Manyan sassan lissafi ba su rabu da irin wannan ba, domin mai neman shiga karatun dakta, ko da ya ci jarrabawar GRE ta lissafi, wadda rabin tambayoyinta kalkulas ne, ana neman wasiƙu daga malaman da suka ga hujjojinsa da idonsu. Wanda ya tara digirinsa ta jarrabawa zalla ya kan iso wannan ƙofa ba shi da mai rubuta masa.

A Nijeriya abin da ya yi kama da tsarin Amurka shi ne shiga kai tsaye. Mai takardar NCE, ko wanda ya ci IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ya kan fara daga aji biyu na jami'a. Yafewar a dunƙule ta ke, shekara guda cur, ba darasi-darasi ba. Malamin da ya yi shekara goma yana koyar da kalkulas, da wanda ya gama NCE bara, a aji ɗaya za su fara, kuma darussa ɗaya za su zauna.

Ga wanda ke shirin bin hanyar Amurka, akwai bambanci tsakanin a ba shi kiredit da a ɗaga shi aji. Wata jami'a za ta ce ya wuce kalkulas na farko ya shiga na biyu, amma ba ta rage masa kome daga 120 ɗin ba, sai ya cike gurbin da wani darasi. Kiredit ɗin da wata makaranta ta karɓa kuma ba lalle ne wata ta karɓa ba in ya sauya wuri, gama hukumar jarrabawa maki kawai ta ke bayarwa, jami'ar da zai shiga ita ke da ikon fassara shi. Har a cikin jami'a ɗaya ofishin rajista ya kan karɓi takarda a lissafa ta cikin darussan zaɓi, sashen lissafi kuma ya ƙi lissafa ta cikin nasa. Dokokin nan a rubuce su ke cikin littafin manhajar kowace jami'a, ana kuma sake su daga shekara zuwa shekara, wanda ya kan ɗaure ɗalibi kuwa shi ne na shekarar da ya shiga.